Abbas bin Firnas: Malamin Andalus da ya ɗaura fukafukai

Ɗalibin da ya taɓa harhaɗa ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot ya san cewa a yawancin jirage fukafukai kaɗai ba sa daidaita jirgi a iska, sai da wutsiya. Wannan darasi wani malami Musulmi ya koye shi da jikinsa fiye da shekara 1,100 da suka shige.

An haifi Abbas bin Firnas wajen shekarar 810 Miladiyya a yankin Ronda na Andalus, wato kudancin Sifen ta yau, daga zuriyar Barbar. Ya yi rayuwarsa a birnin Ƙurɗuba, a fadar sarakunan Banu Umayya, har zamanin Sarki Muhammad na Ɗaya. Mawaƙi ne, masanin taurari, mai aikin hannu. Shi ya warware wa mutanen Ƙurɗuba littafin Arudi na Khalil bin Ahmad bayan ya gagare su. Ya ƙera agogon ruwa, ya sarrafa gilashi daga dutse, ya kuma gina ɗaki a gidansa mai kwaikwayon sama, da taurari da gajimare da walƙiya da tsawa. Waɗannan ayyuka suka sa wasu suka zarge shi da zindiƙanci, aka kai shi gaban alƙali, amma aka sallame shi.

Masanin tarihi Al-Maƙƙari, wanda ya rasu a 1632, ya ruwaito cewa Ibn Firnas ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsaye, ya ɗaura fukafukai biyu, ya faɗa cikin iska, ya yi tafiya mai nisa. Wajen sauka ne aka sami matsala, ya ji ciwo a baya. Dalilin da aka bayar shi ne bai yi wa kansa bindi ba, alhali tsuntsu da bindinsa yake daidaita jiki ya rage gudu idan zai sauka.

Mu dai abin da muka ɗauka daga rayuwarsa shi ne, Alƙur'ani a Suratul Mulk da Suratun Nahl ya ja hankalinmu ga tsuntsaye da yadda Allah yake riƙe su a sararin sama. Ibn Firnas ya duba, ya auna, ya gwada, kuskurensa kuma ya zama ilimi ga na baya. Don haka iyaye kada su raina yaron da ke ɓata lokaci da kwali da waya da ƙaramin inji, kada kuma faɗuwar jirginsa na farko ta sa a hana shi na biyu.

Ya rasu a shekarar 887, daidai da 274 Hijira. A yau akwai wani rami a duniyar wata mai sunansa, da gada a Ƙurɗuba da aka buɗe a 2011. Allah Ya jiƙansa da rahama.