Malam Aminu Kano: Jagoran Talakawa Da Akwatin Zaɓe Ya Yi Ta Juya Wa Baya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a filin jirgin saman Kano ya san sunan. Amma mu nan Tamanrasset, inda fatake ke haɗuwa daga Agadas da Maraɗi da Kano, sau da yawa mukan ji matasa na tambaya: in har talakawa na son sa haka, me ya hana jam'iyyarsa mulki?

An haifi Malam Aminu a Kano a 1920. Ya koyar a Bauci da Maru, ya yi karatu a Landan, sannan a 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba, wadda ya zama shugabanta a 1953.

Tun zaɓen 1951 aka ga inda gizo ke saƙa. NEPU ta ci zagayen farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe. Ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Haraji, kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun sarakuna, su kuwa suna bayan NPC. Manomin da dagaci ke yanka wa haraji, yaya zai fito fili ya bi tauraro? Ga mata, waɗanda Malam ya daɗe yana fafutuka dominsu, ba su da ƙuri'a a Arewa sai a shekarun 1970. Ƙawancensa da NCNC ta Azikiwe ma ya zama sandar dukansa, aka ce ya sayar da Arewa. Shi kansa ya faɗi a 1954 da 1956, ya ci a 1959, ya sake faɗuwa a 1964. Makwabta ma ba su tsira ba, don an haramta Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar a 1959.

Sai dai ba duka laifin na abokan hamayya ba ne. A 1979 PRP ta ci Kano da Abubakar Rimi, Kaduna da Balarabe Musa, amma nan da nan gida ya rabe biyu, 'yan taɓo da 'yan santsi. A ganinmu wannan ya fi kurkukun En'e illa. An tsige Balarabe a 1981.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓe. A gidansa na Gwammaja, Mambayya, aka binne shi.