Angelo Mosso (1846–1910): Likitan da Ya Auna Gajiyar Malami

An haifi Angelo Mosso a birnin Turin na ƙasar Italiya a shekarar 1846. Ɗan kafinta ne. Ya karanta likitanci, ya ƙaro ilimi a Leipzig wurin Carl Ludwig, kuma a 1879 Jami'ar Turin ta ba shi kujerar farfesa a fannin nazarin aikin gaɓoɓin jiki.

Sunansa ya fito ne ta dalilin wani manomi, Bertino, wanda rauni ya bar masa kafa a ƙoƙon kai. Mosso ya ɗora na'ura a wurin, tana zana bugun jinin ƙwaƙwalwa a kan takarda. Da ya umarce shi ya ninka 8 sau 12, sai bugun ya ƙaru nan take. Ma'ana, duk lokacin da tunani ya tsananta, jini kan ruga zuwa ƙwaƙwalwa. A kan wannan ƙa'ida aka gina na'urar fMRI bayan binciken Seiji Ogawa na 1990, wadda a yau ake leƙa ƙwaƙwalwar ɗalibi da ita yana tsakiyar koyo.

Abin da ya fi shafar mu masu koyarwa yana cikin littafinsa kan gajiya, na 1891. Ya ƙera wata na'ura da ɗan yatsa ke ɗaga nauyi da ita har ya gaza, ya gwada ta a kan abokin aikinsa Arnaldo Maggiora kafin ya zauna yi wa ɗalibai jarrabawar baka, da kuma bayan ya tashi. Ƙarfin yatsan ya ragu ƙwarai, alhali mutumin bai ɗauki komai ba sai tambaya da saurare. Daga nan Mosso ya soki tsawaita zaman aji, ya nemi a ba motsa jiki gurbi a makarantu. Alarammomin Tambuwal da Kebbe, da ke tayar da almajirai hadda tun asuba kafin kai ya yi nauyi, ba za su yi mamakin wannan ba.

Sai dai, a ganina, akwai iyaka: gudun jini shaida ne cewa ƙwaƙwalwa na aiki, bai tabbatar da cewa ɗalibi ya fahimta ba. Wannan giɓi har yanzu na'urorin zamani ba su cike shi ba.

Da ciwo ya raba shi da ɗakin gwaji, sai ya koma tonon kayan tarihi a tsibirin Crete. Ya rasu a Turin ranar 24 ga Nuwamba, 1910.