Fada Tansi, Mutumin Da Ya Zaɓi Talauci

Jama'a, mu da ke zaune a Mile 3 ya kamata mu san wannan mutum, don maƙwabtanmu 'yan Katolika na girmama shi sosai. An haifi Michael Iwene Tansi a Aguleri, kusa da Anacha, a 1903. Ya zama fada a 1937. A 1950 ya tafi Ingila, ya shiga gidan masu zuhudu na Mount Saint Bernard, inda ba ka mallakar ko sisi, sai addu'a tun kafin asuba, aikin hannu da yawan shiru. A Ingilan ya rasu a 1964. Ni na taso a kara, kullum lissafin riba. To wanda bai tara komai ba, yau kabarinsa ake ziyarta a babban cocin Anacha.