Labarin Muhammadu Sadiku, Mai Hoton Makka da Madina

Ku sani, ya ku masu karatu, mutum na farko da aka san ya ɗauki hoton Madina shi ne Muhammadu Sadiku, hafsan soja mutumin Alƙahira, wanda ya yi karatu a Faransa. A shekarar 1861 aka aike shi auna hanyar alhazai, sai ya haɗa da akwatin hoto cikin kayansa.

Aikin hoto a wancan zamani wahala ce ƙwarai. A kan gilashi ake ɗauka. Sai an shafe shi da magani cikin duhu, a ɗauka, a wanke tun bai bushe ba. To, ina ga ranar Hijaz, wadda ke busar da tsumma kafin a gama shanya shi? Duk da haka ya yi haƙuri har ya samo Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hasumiyoyinsa. Da ya ga gilashi ɗaya ba ya cin faɗin birnin, sai ya ɗauka gaɓa-gaɓa, ya jera su kamar mai haɗa ƙyalle, har idon mai kallo ya kasa gane maɗinka.

A 1880 ya raka ayarin Masar yana ma'ajinsu, ya ɗauki Ka'aba da mahajjata kewaye da ita, da tantunan Mina, da Arfa, har da Shehu Umaru Shaibi mai riƙon mabuɗin Ɗakin Allah. A 1881 aka ba shi lambar zinariya a birnin Banis na ƙasar Italiya.

Amma lambar ba ita ce abin dubawa ba. Ma'auni taswira aka aike shi yi, ita kuwa ba ta sa kowa hawaye. Shi ya zaɓi inda zai tsaya da sa'ar da haske ya dace, zaɓin mai bege. A zamanin da alhajin ƙasar Hausa ke shekaru a hanyar Sudan, wani ma ba ya dawowa, hoto irin wannan kan nuna wa tsoho alƙiblar da ya fuskanta tun yana yaro bai taɓa gani ba.

Ya wallafa littattafan tafiyarsa, cikinsu akwai Mash'alul Mahmal da Dalilul Hajji. Matarsa ta rasu a wata tafiyar da suka yi tare, kabarinta yana Madina, garin da ya fara ɗauka. Shi kuma ya rasu a 1902. Allah Ya jiƙansu.