Jim Reeves: Mawaƙin da bai hau mataki na ɗaya ba sai bayan mutuwarsa

Duk wanda ya yi wayo a Najeriya a shekarun 1960 da 1970 zai yi wuya a ce bai taɓa jin muryar Jim Reeves ba, ko a rediyo da safiyar Lahadi, ko a falon wani ma'aikacin gwamnati mai garmaho, ko daga baya a rumfunan masu sayar da kaset. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu saurarensa suka san cewa mutumin ya bar duniya ba tare da waƙarsa ko ɗaya ta hau mataki na ɗaya a babban jadawalin waƙoƙin Amurka ko na Birtaniya ba. Sau ɗaya ya kusa, a shekarar 1960, amma ya tsaya a mataki na biyu.

An haifi James Travis Reeves a ranar 20 ga Agustan 1923 a ƙauyen Galloway da ke kusa da garin Carthage a Jihar Texas. Shi ne auta a gidansu. Mahaifinsa manomi ne, kuma ya rasu tun Jim yana jinjiri, don haka mahaifiyarsa ce ta ɗauki nauyin yaran da aikin gona.

Tun farko ba waƙa ya sa a gaba ba. Burinsa shi ne ya yi suna a wasan besbol, wanda Amurkawa ke ji da shi kamar yadda muke ji da ƙwallon ƙafa. Ya samu gurbin karatu a Jami'ar Texas saboda iya wasa, amma bai daɗe ba ya bari. Daga nan ya shiga ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin St. Louis Cardinals a matsayin mai jefa ƙwallo, har ya shafe kusan shekara uku. Raunin da ya ji a ƙafa ne ya yanke masa wannan hanya a 1947. A shekarar ce kuma ya auri Mary White, wadda suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa, Allah bai ba su haihuwa ba.

Da wasa ya ƙi, sai ya koma aikin rediyo a matsayin mai gabatar da shirye-shirye, da farko a garin Henderson, daga bisani a tashar KWKH da ke Shreveport a Jihar Louisiana. Tashar ce ke watsa shirin Louisiana Hayride, dandalin da mawaƙan kantiri da dama suka fara suna a kansa. Kantiri kiɗan mutanen karkara ne na kudancin Amurka, mai goge da jita, wanda a lokacin 'yan birni ke yi wa kallon kiɗan ƙauye. Reeves yana gabatar da mawaƙa, yana kuma samun damar rera tasa jefi-jefi. A 1953 waƙarsa Mexican Joe ta hau mataki na ɗaya a jadawalin kantiri, sannan Bimbo ta biyo baya. A 1955 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin faifai na RCA Victor, ya kuma shiga shirin Grand Ole Opry na birnin Nashville.

Har zuwa wannan lokaci da ƙarfi yake rera waƙa, kamar yadda al'adar kantiri take. Sauyin da ya mayar da shi wanda duniya ta sani ya zo ne a 1957, lokacin ɗaukar waƙar Four Walls ƙarƙashin kulawar Chet Atkins. Reeves ya sassauta murya, ya matso daf da makirfo, ya rera a hankali tamkar mai yi wa mutum ɗaya magana. Aka ajiye goge, aka kawo fiyano da 'yan amshi masu laushin murya. Waƙar ta zo ta ɗaya a jadawalin kantiri, ta kuma kutsa cikin jadawalin gama-gari. Shi ma ya ajiye kayan makiyaya ya koma sa kwat, har aka yi masa laƙabi da Gentleman Jim, wato Jim dattijon kirki.

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci bambancin jadawalin biyu. A wancan lokacin, mujallar Billboard tana fitar da jerin waƙoƙi kowane mako bisa yawan faifan da aka sayar da kuma yawan sakawa a gidajen rediyo. Akwai jeri na kowane salo, kamar na kantiri, akwai kuma babban jeri na waƙoƙi 100 mai suna Hot 100, wanda aka fara a Agustan 1958, inda kowane salo ke gogayya da ɗan uwansa. Zama na ɗaya a jerin kantiri kamar cin kasuwar garinku ne. Zama na ɗaya a Hot 100 kuwa cin kasuwar ƙasa ne baki ɗaya, kuma shi ke ɗaga kuɗin da ake biyan mawaƙi da darajarsa a wurin kamfani.

A watan Oktoban 1959 Reeves ya ɗauki waƙar He'll Have to Go, wadda Joe Allison da matarsa Audrey suka rubuta. Labarin wani mutum ne da ya kira masoyiyarsa a tarho alhali ya san akwai wani namiji a tare da ita, yana lallashinta ta zaɓa tsakaninsu. Kamfanin bai ɗauke ta da muhimmanci ba, domin a bayan faifai ya sa ta, gaban kuma ya ba wata waƙa mai suna In a Mansion Stands My Love. Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo ne suka juya faifan suka riƙa saka ta baya, jama'a kuma suka yi ta nema.

A farkon 1960 waƙar ta mamaye jadawalin kantiri, inda ta yi mako 14 a jere a mataki na ɗaya. A Hot 100 ma ta yi ta hawa har ta kai mataki na biyu, ta yi mako uku a wurin, ba ta ƙara gaba ba. Abin da ya tare mata hanya shi ne Theme from A Summer Place na ƙungiyar makaɗan Percy Faith, kiɗan wani fim wanda babu ko kalma ɗaya a cikinsa, amma ya yi mako tara yana riƙe da mataki na ɗaya. Da mujallar ta tattara lissafin shekarar gaba ɗaya, sai aka maimaita: kiɗan Percy Faith na ɗaya, waƙar Reeves ta biyu. Wato ta sha gaban duk sauran waƙoƙin da suka ɗanɗani mataki na ɗaya a 1960, har da na Elvis Presley, amma ita ba ta taɓa hawansa ba ko na mako guda. Da a wani watan ta fito, wataƙila da labarin ya bambanta. Reeves bai sake kusantar wannan mataki a Amurka ba.

Abin da ya rasa a gida ya same shi a waje. A 1962 ya yi rangadi a Afirka ta Kudu tare da Chet Atkins da makaɗin fiyano Floyd Cramer, ya ɗauki waƙoƙi da harshen Afrikaans, ya kuma koma a 1963 ya fito a fim ɗin Kimberley Jim. Ba za a manta ba cewa zamanin mulkin wariyar launin fata ne, kuma wannan na cikin abubuwan da ake tattaunawa idan ana bitar tarihinsa. Duk da haka, baƙaƙen fatar nahiyar sun rungumi waƙoƙinsa, daga Najeriya zuwa Kenya, haka ma mutanen Indiya da Sri Lanka da tsibiran Karibiyan. Turancinsa a fili yake, yana furta kowace kalma dalla-dalla, ta yadda wanda ya koyi harshen a aji zai iya bin sa. Waƙoƙinsa na addinin Kirista da na Kirsimeti su ma sun samu shiga gidaje da yawa. Waɗannan masu saurare duk ba sa cikin lissafin Billboard, domin kasuwar Amurka kaɗai jadawalin ke aunawa.

A ranar 31 ga Yulin 1964 Reeves ya taso daga garin Batesville na Jihar Arkansas zuwa Nashville, yana tuƙa ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, tare da makaɗin fiyanonsa Dean Manuel. Sun kusa sauka hadari mai ƙarfi ya rufe su, jirgin ya faɗi cikin daji kusa da Brentwood. Sai ranar 2 ga Agusta aka gano gawarwakinsu, bayan an shafe kusan kwana biyu ana nema. Yana da shekara 40, saura mako uku ya cika 41. An binne shi kusa da Carthage, yankin da aka haife shi.

Ya bar waƙoƙi da yawa da ya ɗauka ba a fitar ba, matarsa Mary ta riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya tsawon shekaru. Cikinsu akwai Distant Drums, wadda Cindy Walker ta rubuta. A watan Satumban 1966, lokacin da ƙungiyar The Beatles da ire-irenta ke tashe, waƙar ta hau mataki na ɗaya a Birtaniya, ta yi mako biyar a kai. Mai ita kuwa ya shekara biyu a ƙasa. A 1967 aka sa sunansa a zauren karrama gwarazan kantiri da ke Nashville.

Yau idan aka ambaci sunan Percy Faith a kasuwar Sabon Gari ko a ofisoshin Kaduna, da wuya a samu wanda zai ɗaga kai. Amma a saka He'll Have to Go, za a samu dattijon da zai ajiye abin da yake yi ya saurara har ta ƙare.