Bach, makaɗin Jamus mai ɗaure kiɗa kamar kacici-kacici

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun leƙa ƙasar Jamus. An haifi Johann Sebastian Bach a garin Eisenach a 1685, cikin zuri'ar da ta gaji kiɗa kaka da kakanni. Kafin ya cika shekara 10 iyayensa duka sun rasu, wansa ya ɗauke shi riƙo. A 1723 ya zama shugaban mawaƙan majami'ar Thomas a Leipzig, garin da ya yi suna da babbar kasuwar fatake.

Turawa kan rubuta kiɗa a takarda da alamomi. Gwanintar Bach ita ce kanon: makaɗi ya ɗauko zubi ɗaya, kafin ya dire na biyu ya biyo shi da wannan zubin, su tafi tare ba karo. Wani lokaci layi ɗaya kawai zai rubuta, ya bar makaɗa su gano inda sauran za su shiga. Mu da muka san kasuwa, wannan shi ne ƙaramin jari mai riba ninki-ba-ninki.

A watan Mayun 1747 ya je Potsdam, fadar Sarki Firedirik, inda ɗansa Emanuel yake aiki. Sarki ya ba shi wani zubi mai wuya don ya gwada shi. Nan take Bach ya saƙa shi da murya 3. Da ya koma gida sai ya buga littafi a kan zubin, mai ɗauke da kanon 10, ya aika wa sarki. A ciki akwai wanda ake kira na ƙaguwa: makaɗi ɗaya ya faro daga farkon layi, ɗayan daga ƙarshe yana komowa baya, kuma kunne ya ji daɗi.

A lokacin samari sun koma ga kiɗa mai sauƙi, ana ganin irin nasa ya tsufa, amma bai saki sana'arsa ba. A 1750 aka yi masa aikin ido, ya makance, ya rasu ranar 28 ga Yuli. Matarsa Anna Magdalena ta rasu cikin talauci a 1760.

Sai dai kaya mai kyau ba ya kwantai. A 1974 aka gano wasu kanon 14 da ya rubuta da hannunsa a birnin Strasbourg na Faransa, kuma har yau makarantun kiɗa na duniya suna koyar da aikinsa.