Joseph Chamberlain, Magajin Garin da Ya Ci Bashi Ya Saya wa Birmingham Ruwa

Wanda ya karanta tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa ba zai rasa cin karo da sunan Joseph Chamberlain ba, domin shi ne Sakataren Harkokin Mulkin Mallaka na Birtaniya daga 1895 zuwa 1903. Mutanen Birmingham kuwa, abin da suka fi tuna shi da shi ya faru ne tun kafin wannan, lokacin da yake kansila kuma magajin garinsu.

An haife shi a Landan a 1836. Yana ɗan shekara 18 aka tura shi Birmingham ya yi aiki a masana'antar ƙera kusoshi masu zare ta danginsa, wadda ta bunƙasa a hannunsa har ta mamaye kasuwa. A 1869 ya ci zaɓen kansila, a 1873 ya zama magajin gari, shekara ɗaya bayan haka ya sayar da kasonsa ya bar kasuwanci da dukiya mai yawa.

Majalisar da ya tarar tana hannun wasu ƙananan 'yan kasuwa ne waɗanda babban burinsu shi ne kada a ƙara wa mai gida ko mai shago haraji. Ba za a ce ba su da hujja ba, tunda daga aljihunsu kuɗin ke fita. Sai dai garin na fama da ƙazanta. Kamfanin ruwa ba kullum yake sako ruwa ba, talakawa da yawa kuma rijiyoyi suke sha, rijiyoyin da ke maƙwabtaka da masai. Chamberlain da 'yan jam'iyyarsa ta Liberal sun kayar da waɗannan mutane ne ta hanyar kafa kwamiti a kowace mazaɓa, suna bin masu ƙuri'a unguwa-unguwa.

Dabararsa ta ɗan kasuwa ce. Ya lura cewa kamfanoni biyu masu sayar da iskar gas, wadda da ita ake haska tituna da gidaje a wancan zamani, suna kwasar riba daga jama'ar gari. Sai ya nemi majalisa ta ci bashi ta saye su a kan kusan fam miliyan 2. Kansiloli suka razana, domin bashin ya ninka wanda ake bin garin sau da yawa. An ruwaito cewa ya yi tayin karɓar harkar da kansa idan majalisa na jin tsoro. A 1875 aka kammala cinikin, kuma tun shekarar farko aka ga riba ta shigo baitulmalin gari.

Da ya juya kan ruwa, sai ya sauya lissafi. A ganinsa gas haja ce da za a iya cin riba a kanta, amma ruwa sha'anin rai ne, don haka duk rarar da aka samu a mayar da ita wajen rage farashi da inganta ruwan. A farkon 1876 kamfanin ruwa ya koma hannun majalisa, aka shiga rufe gurɓatattun rijiyoyi. A nan ne, a ra'ayina, ya fi cancantar yabo: ya bambance abin da hukuma za ta sayar da abin da ya wajaba ta samar.

Aikinsa na uku shi ne mai tabo. Ya yi amfani da dokar gidajen ma'aikata ta 1875 ya sa majalisa ta sayi cunkusassun unguwannin tsakiyar gari ta rushe, aka shimfiɗa babban titin Corporation Street mai manyan shaguna da ofisoshi. Gari ya yi kyau, filayen kuma suka zama kadarar majalisa. Amma waɗanda aka tasa ba a gina musu komai ba, suka tafi suka ƙara cunkushe wasu unguwannin. Sai bayan fiye da shekara goma majalisa ta gina gidajen talakawa na farko, su ma 'yan kaɗan. Duk wanda ya taɓa ganin an rushe kasuwa da alkawarin sabbin rumfuna ya san irin wannan labari.

A 1876 ya ajiye muƙamin ya tafi Majalisar Dokoki, bai cika shekara uku a kujerar ba. Tunaninsa na ɗaukar ƙasa tamkar kadarar da za a zuba wa jari bai rabu da shi ba. Shi ya ɗora wa Frederick Lugard aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, a zamaninsa gwamnati ta karɓe yankunan kamfanin Royal Niger a ranar 1 ga Janairu 1900, kuma yana kan muƙamin Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa a 1903.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a 1906, ya rasu a 1914. Shekara guda bayan rasuwarsa ɗansa Neville, wanda daga baya ya zama Firaminista, ya hau kujerar magajin garin Birmingham.